A BA MATAR DA AKA YI WA AIKIN MAHAIFA ARBA'IN ƊINTA

Daga Wakilinmu na Arewa

Ko'ina mutum ya je a ƙasar Hausa, kai har unguwannin Sabo na Kurmi inda mutanenmu suka yi kaka-gida, ba a tambayar mai jego tuwo. Da zarar mace ta sauka, sai a ɗauke mata girki da daka da ɗebo ruwa, a kawo wata tsohuwa ta zauna da ita, in kuwa haihuwar fari ce a mai da ita gidan iyayenta wanka. Maigida ya san ba shi da ta cewa sai an yi arba'in, kuma ba wanda ya taɓa kiran mai jego raguwa don an gan ta kwance da rana tsaka.

To, akwai wata mace da take bukatar irin wannan hutu kamar yadda mai jego take bukatarsa, amma ba ta samu. Ita ce matar da aka yi wa tiyata saboda zazzagowar mahaifa. A sallame ta daga asibiti ran Laraba, ran Juma'a ka tarar da ita gindin murhu, ran Lahadi a bakin rijiya. Ba jariri a hannunta, ba a yi suna ba, ba a yanka rago ba, saboda haka mutanen gida ba su ga dalilin da zai sa ta kwanta ba. Ra'ayina shi ne matar nan tana da hakkin arba'in cikakke a kan mijinta da danginsa, kuma duk wanda ya hana ta, wasa yake yi da aikin da likita ya sha wahalar yi.

Masu karatu da yawa, musamman maza, ba su san wannan ciwo ba sai a bakin tsofaffi, don haka ya kamata a faɗi yadda yake. A ƙasan marar mace akwai tsoka da jijiyoyi da suke shimfiɗe kamar tsarkiyar gado, su ne ke ɗauke da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji. Idan suka saki, ko suka yage, sai abin da suke ɗauke da shi ya sauko. Wata mahaifar ce ke saukowa, wata mafitsara, wata kuwa hanjin ne ke turo bangon gabanta. Da fari mace takan ji nauyi a mara da ciwon ƙugu, musamman da yamma bayan ta wuni a tsaye. Daga nan sai ta fara jin wani ƙullutu a gabanta, har ta kai ga abin ya fito waje sai ta sa hannu ta mayar kafin fitsari ya zo. Wannan dabam yake da yoyon fitsari, wanda huda ce ke samuwa tsakanin mafitsara da gaba bayan doguwar naƙuda, ko da yake mace ɗaya tana iya haɗa biyun.

Abubuwan da ke kawo shi ba ɓoyayyu ba ne. Babbansu haihuwa, tun ba ma mai yawa ba, da ta kusa da kusa, da doguwar naƙuda, da sa mace yunƙuri tun mahaifa ba ta gama buɗewa ba. Sa'an nan ga ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru, ga tari mai naci, ga taurin bayan gida, ga ƙiba, ga kuma tsufa, domin idan al'ada ta ɗauke naman wurin yakan yi rauni. Wanda ya dubi wannan jeri ya san zaman matanmu na karkara aka lissafa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa da aka yi a 2018 ta nuna cewa macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 bisa matsakaicin lissafi, ta Jihar Katsina ma fiye da 7, kuma kashi 16 kacal cikin 100 na haihuwar yankin ne aka yi a asibiti. A ƙasar Gambiya, inda zaman ƙauye bai bambanta da namu sosai ba, likitoci sun duba mata sama da 1,000 a yankin Farafenni, suka buga sakamakon a 2002. Kashi 46 cikin 100 suna da zazzagowa, ko kaɗan ko da yawa, kashi 14 kuwa tasu ta kai ta tiyata.

Duk da wannan yawa, ciwon ɓoye ne. Mace takan yi shekaru tana fama, tana cusa tsumma, tana zama a karkace wurin biki, ba ta gaya wa ko uwar da ta haife ta ba. Tsoronta kishiya ta ji ta yi mata gori, ko miji ya ƙyamace ta. Wata ta tafi wurin wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri, wanda ba ya mai da mahaifa mazauninta, sai dai ya ƙara mata zubar jini, wani lokaci ya huda mafitsara. Ran da ta samu ta kai asibiti aka yi aikin, kunyar nan ba ta barinta. Sai ta ce wa mutanen gida ƙari aka cire mata, ko ta ce ba komai, 'yar dubawa ce. Wanda bai faɗi ciwonsa ba kuwa, wa zai yi masa jinya? A nan matsalar take farawa.

Aikin kansa iri-iri ne. Galibi ta gaba ake bi, ba a tsaga ciki. Likita ya mai da mafitsara ko hanji wurinsu, ya tattaro naman da ya saki ya ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Idan mahaifa ce ta sauko, ko dai a cire ta, ko a ɗaure ta a jikin wata jijiya mai ƙarfi ta cikin ƙugu. Bayan aiki akan sa robar fitsari ta yi kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, a cusa bandeji a gaba don tsai da jini, a cire washegari. Idan komai ya tafi daidai, cikin 'yan kwanaki sai a sallame ta.

Wannan saurin sallama shi ke yaudarar mutane. Ba a ga tabo a ciki ba, ta shigo gida da ƙafarta, sai kowa ya ɗauka an gama. Alhali ɗinkin yana can ciki, a daidai wurin da duk nauyin ciki yake sauka in mutum ya yi yunƙuri. Zaren yakan ɗauki makonni kafin ya narke, naman kuwa ba ya gama yin ƙarfi sai wajen wata 3. Saboda haka ne likitocin mata suka daɗe suna ba da ƙa'idar mako 6. A makonnin farko kada ta ɗauki abin da ya fi buta cike da ruwa, kada ta koma aikin ƙarfi, kada a sadu da ita, kada ta sa komai a gabanta, sai an koma asibiti an duba an ga wurin ya haɗe. Mako 6 kwana 42 ke nan. Ashe kakanninmu da suka yanke arba'in ba su yi nisa da lissafin likita ba, kwana 2 ne kawai tsakani.

Yanzu a dubi abin da ke jiran matar nan a gida. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25, ban da nauyin jarkar. Guga kuwa ba sau ɗaya ake jansa ba kafin randa ta cika. Taɓarya ana ɗaga ta sama da kai ɗaruruwan lokuta kafin surfe ya yi, kuma kowace ɗagawa da ƙarfin ciki ake yinta. Ga tuƙin tuwon gidan mutum goma sha biyar, ga sauke tukunyar daga murhu, ga wanki a tsugune, ga yaro ɗan shekara biyu da ba ya yarda sai an goya shi. A wuraren da mata ke fita gona, ga ɗaukar dami da itace. Duk waɗannan su ne suka taimaka wajen sauko da mahaifar tun farko. A ɗinke ta a asibiti, a mai da ita kansu bayan kwana uku, ai tufka da warwara ke nan.

Wani mai karatu da ya san boko zai ce ai maganar ta canza. Gaskiya ne, a 2023 an buga wani bincike na likitocin Amurka inda aka raba matan da aka yi wa wannan aiki gida biyu, aka gindaya wa waɗansu tsohuwar ƙa'ida, aka ce wa waɗansu su koma harkokinsu da zarar sun ji za su iya. Bayan wata 3 ba a ga waɗanda aka sakar wa mara sun fi sauran lalacewar aiki ba. Wannan labari ne mai daɗi, kuma ya koya mana cewa kwanciya kamar gawa ba ta da amfani. Amma sai mu tambaya, mene ne harkokin macen Amurka? Ruwanta a famfo yake, garinta a kanti, wankinta a inji. Mafi muhimmanci, ita ce ke yanke lokacin da ta ji za ta iya. Tamu kuwa ba a tambayarta ko za ta iya. Ranar girkinta ce ta zagayo, shi ke nan. Binciken ya ce a bar mace ta bi ƙarfin jikinta, kuma wannan 'yanci shi ne ainihin abin da nake nema wa matanmu. Ko a can ɗin ma aikin ba tabbas ba ne, domin wani binciken da aka buga a 1997 ya samu cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan da aka yi wa tiyatar zazzagowa ko ta rashin riƙe fitsari, ba karon farko ke nan da aka yi masu ba. In haka abin yake inda ba a daka, ina ga inda ake yi?

To, yaya arba'in ɗin nan zai kasance? Da fari dai a ɗauke mata girki, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san girki ya haɗa da tukunya da kwana. A gidan da ke da mata biyu ko uku, maigida ne zai tara su ya faɗa da bakinsa cewa wance likita ya hana ta aiki kwana arba'in, ba sai ya tona mata asirin ciwonta ba. Idan bai faɗa ba, abokiyar zama za ta ɗauka langaɓewa ce, daga nan sai habaici, daga habaici sai mai ɗinki ta tashi ta ɗauki taɓarya don kada a ce da ita raguwa. Idan ita kaɗai ce, a ɗauko ƙanwarta ko wata 'yar uwa, ko a bar ta ta tafi gida jinya kamar yadda ake tafiya wanka. Kuɗin mai ruwa da na injin niƙa na kwana arba'in bai kai ko kusa da kuɗin tiyata ta biyu ba.

Hutun ba na lafewa a gado ba ne. Tun washegarin aiki ake so ta tashi ta taka, kullum ta zagaya tsakar gida tana ƙara nisa, domin zama wuri ɗaya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma gudan jinin nan in ya tafi huhu yana kisa. Babban abokin gaban ɗinkin shi ne taurin bayan gida. Ta sha ruwa da yawa, a yawaita mata miyar kuɓewa da kuka da zogale, da gwanda da lemo, in likita ya ba da maganin tausasa ciki ta sha, kada ta tsuguna a masai tana yunƙuri. In tana tari a nemi maganinsa, a kuma raba ta da hayaƙin itace. Salla kuwa, malamai sun sani addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya, tana iya yi a zaune har ta ji ƙarfi. Idan wurin ya lafa, ma'aikatan asibiti za su koya mata motsa tsokar ƙasan mara, watau ta riƙa matsewa kamar mai riƙe fitsari tana saki, sau da yawa a rana. Wani likitan Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya bayyana wannan dabara a 1948, ba ta cin ko kwabo, kuma abar yi ce har tsufa.

Sai dai fa hutun jego muke so a ara, ba dukan kayan jego ba. Ban da shiga tafasasshen ruwa, ban da fyaɗa ganye, ban da kwanciya kan gadon wuta. Ban da turare ta ƙasa, ban da matsi da sauran kayan mata da ƙawaye za su kawo wai don a gyara ta wa maigida. Wurin nan ɗanyen rauni ne, duk abin da aka cusa yana iya kai ƙwayar cuta ko ya ɓalle ɗinki. Ɗan jini-jini da ruwa mai launin ƙasa na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne, zaren ne ke narkewa. Amma in aka ga jini yana zuba kamar na al'ada mai ƙarfi ko da guda-guda, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko ruwa mai wari, ko fitsari ya ƙi fita, ko ciwon mara yana ƙaruwa, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, to a nemi mota a wannan sa'a. Ba a jiran gari ya waye, ba a kuma fara zuwa kemis.

Maganar kwana ita ce wadda kowa ke jin nauyin faɗa, ita ce kuwa ta fi ɓata aiki. Likita yakan gaya wa matar, matar kuma ba ta iya gaya wa mijin, ko ta faɗa ya ce ƙarya take yi. Mutumin da ya iya haƙurin arba'in bayan kowace haihuwa, sau bakwai ko takwas, ba shi da hujjar kasawa sau ɗaya don lafiyar uwar 'ya'yan nan. Haka kuma maganar haihuwa nan gaba, a yi ta a gaban likita tun kafin aiki. Idan an cire mahaifa, al'ada da haihuwa sun tsaya, amma zaman aure yana nan yadda yake. Idan an bar ta, sabon ciki yana iya sake sauko da ita, don haka sai a yi shawarar tazara da kuma yadda za a haihu. Wadda ba ta gama haihuwa ba, ko jikinta ba zai ɗauki tiyata ba, akwai zoben roba da ake sa wa ya tokare mahaifar, ana dubawa lokaci lokaci. Namijin da zai saki mace don an cire mata mahaifar da ta lalace wajen haifa masa 'ya'ya, wannan sai mu bar shi da Allah.

Ina da magana ta musamman ga 'yan uwanmu masu neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, domin su ne mafi yawan masu karanta wannan shafi. Da yawanku iyalanku suna gida Arewa. Aka aiko cewa za a yi wa uwargida aiki, ka tura kuɗi, aka ce an yi lafiya, ka yi hamdala ka koma kasuwa. Madalla, amma saura rabi. Ka kira mahaifiyarka ka roƙe ta, cikin ladabi, ta ɗauke wa matar nan aiki, domin a gidan gandu maganarta ce doka. Ka tura kuɗin ruwa da niƙa dabam. Waɗanda kuwa matansu ke tare da su a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ku tuna ba uwa ba ƙanwa kusa, ga ɗaki ɗaya a saman bene, ga ruwa a ƙasa. In ba a iya ɗauko kowa daga gida ba, ɗaukar bokiti zuwa sama bai taɓa rage wa namiji girma ba.

Asibitoci ma da nasu. Akwai masu yin wannan aiki a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Badun, da na Idi-Araba a Ikko, kuma cibiyar yoyon fitsari ta tarayya da ke Abakaliki ta yi suna wajen yinsa. Abin da ya kamata ya zama doka a kowannensu shi ne kada a sallami mace sai an zaunar da mijinta ko wanda ke riƙe da ita an yi masa bayani da harshen da yake ji, a ba su takarda da Hausa, boko ko ajami, mai ɗauke da ranar dawowa. Ma'aikaciyar gwamnati ko ta kamfani a rubuta mata takardar hutu ta sosai. Haka nan a gaya wa mace abin da aka sa mata a jiki. Akwai wata ragar roba da aka yi yayin dasa wa mata ta gaba don ƙarfafa ɗinki, ta jawo wa dubbai ciwo mai tsanani, har Ingila ta dakatar da ita a 2018, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta hana sayar da ita don wannan aiki a 2019. Mace tana da ikon tambaya ko da raga za a yi mata, kuma ta wace hanya.

Hukuma kuwa ta dubi ƙasar Nepal, wadda ba ta kai mu arziki ba. Matan can suna ɗaukar kaya a kan duwatsu kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ciwon ya yi masu yawa, har magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2008 ta yanke cewa wannan batu ne na hakkin mata, gwamnati kuma ta shiga yin tiyatar kyauta. Amma a 2014 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto tana sukar gwamnatin da cewa ta mai da hankali kan tiyata ta bar abin da ke kawo ciwon. Darasin a fili yake. Gwamnonin da ke shirya aikin kyauta na mako guda a ɗauki hoto, su sani rijiyar burtsatse da injin niƙa da ungozoma mai horo a ƙauye suna cikin maganin wannan ciwo. Gidajen rediyon jihohi su sa likitocin mata su yi bayaninsa a fili, malamai kuma su taɓo shi a wurin karatu, domin a daina ɗaukarsa abin kunya.

Kafin hukuma ta motsa, abin da ke hannunmu ba ya bukatar kasafin kuɗi. Al'adar tana nan, kowa ya san ta, ba wanda ke jayayya da ita. Faɗaɗa ta kawai za a yi ta haɗa da matar da ta dawo daga asibiti ba jariri, wadda sau da yawa ta haifi gidan gaba ɗaya kafin jikinta ya gaza. A ƙirga mata kwana arba'in daga ranar aiki, a kai ta likita ya duba, sa'an nan ta koma aiki sannu sannu, mai nauyi ya zo daga ƙarshe.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.